Sallamar Brad Marchand: Boston ta yi dabara ko ta tafka kuskure?

Jama'ar zango, yawancinmu ƙwallon ƙafa muka sani. Amma yaranmu da suka tashi a Amurka da Kanada, musamman na Worcester kusa da Boston inda 'yan Ghana ke da yawa, wasan hoki na kan ƙanƙara ya shiga ransu. Gardamar da ta ƙi ƙarewa a wannan fage ita ce ta Brad Marchand.

Ranar 7 ga Maris 2025, ƙungiyar Boston Bruins ta miƙa kyaftin ɗinta ga Florida Panthers. A gasar NHL ba a sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi irin na Turai, musaya ake yi. Abin da Boston ta karɓa shi ne damar zaɓen matashi guda nan gaba.

Marchand ba kanwar lasa ba ne. Sau 8 hukumar gasar ta dakatar da shi saboda mugun wasa, a 2018 ma har lasar fuskar abokin hamayya ya yi. Duk da haka, tun 2006 da Boston ta ɗauke shi bai taɓa buga wa wata ƙungiya ba a NHL, kuma da shi ta ci kofin Stanley a 2011.

Masu goyon bayan manajan ƙungiyar, Don Sweeney, suna da hujja. Marchand yana da shekara 36, yana jinyar rauni, kwantiraginsa na dab da ƙarewa, an kuma kasa daidaitawa kan sabo. Da an riƙe shi, zai iya tafiya Boston ba ta samu ko anini ba. Ga shi akwai iyakar albashi da doka ta sa wa kowace ƙungiya, dala miliyan 88 a kakar. A makon ne kuma aka sallami Charlie Coyle da Brandon Carlo, alamar gini za a sake daga tushe.

Masu cewa kuskure ne sun fi zafi. Florida ce ta fitar da Boston a 2023 da 2024, sai ga shi an ba ta makami. Marchand ya ci ƙwallo 10 a wasannin sili ɗaya ƙwale, 6 daga ciki a karawar ƙarshe da Edmonton Oilers, ya ɗaga kofi a Yunin 2025. Boston kuwa ko gurbin shiga ba ta samu ba, karo na farko tun 2016.

A ganinmu, rabuwar tana da dalili, farashin ne ya yi araha. Nasarar Florida ta ɗaga damar zaɓen daga zagaye na biyu zuwa na farko, amma matashin da za a ɗauko tsuntsu ne a sama, Marchand kuwa na hannu ne. Boston ta auna shekarunsa da rauninsa, ta raina abin da tsokanarsa ke yi wa abokan hamayya a lokacin da wasa ya yi tsami. Florida ta gane haka, shi ya sa ta ba shi kwantiragin shekara 6.

Nan ma akwai abin dubawa, domin kwantiragin zai kai shi bayan shekara 40. Idan ƙafa ta yi nauyi, Florida ce za ta ɗauki nauyin albashin. Sai mun ga abin da matashin Boston zai zama kafin a rufe wannan shari'a.