Hatimin Lauya a Kan Takardar Gida

Iyalai da yawa su kan nemi lauya ya buga musu hatimi a kan takarda, ko ta sayar da fili, ko ta wakilci, ko ta rantsuwa, ko kuwa takardun yaron da za shi karatu ƙasar waje. Yawancinmu mu kan ɗauki hatimin nan kamar kan sarki ne na wasiƙa, a biya, a liƙa, a wuce. Ba haka ba ne.

Lauyan da aka ba wannan iko shi a ke kira notari. Sa'ad da ya sa hannu ya danna hatiminsa, cewa ya ke yi wane ya zo gabansa, ya tabbatar shi ne, ya kuwa sa hannu da yardar ransa. Kotu da banki da ofishin jakada su na karɓar takardar bisa ga wannan shaida, gama su ba su ga mutumin ba.

Akwai wata ƙasa a kudu maso gabashin Asiya, watau Filifin, inda ba a wasa da wannan al'amari. A shekarar 2004 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta kafa ƙa'idodin aikin notari. Dole mai sa hannu ya zo da kansa, in kuwa lauyan bai san shi ba, ya nuna shaidar da ta tabbatar shi ne, kamar katin hukuma mai hoto. Takardar haraji kaɗai ba ta isa ba. Dole a rubuta kowane aiki cikin littafin rajista, kuma ba a yarda lauya ya shaida takardar matarsa ko ta danginsa na kusa ba. Duk da haka an sha kai ƙarar lauyoyin da su ka bar wa akawunsu hatimi ya yi ta bugawa, da waɗanda su ka shaida sa hannun mutumin da ya daɗe a kabari. Ƙungiyar lauyoyin ƙasar ita kan yi bincike, kotu ta yanke hukunci. Sau da yawa a kan soke ikon notarin nan take, a hana shi sake riƙe hatimi har shekara 2, sa'an nan a dakatar da shi daga aikin lauya ɗungum wata 6 ko shekara guda.

Wani zai ce hukuncin ya yi tsanani a kan ɗan hatimi. Mu dai ba mu ga tsananinsa ba. A dubi gwauruwar da aka nuna wa takarda cewa mijinta ya sayar da gidan da ta ke ciki, alhali a ranar da aka rubuta a jikin takardar an riga an binne shi. Da ya ke takardar na da hatimi, kotu za ta fara ɗaukarta gaskiya ce. Matar ce za ta nemo shaidu masu ƙarfi, ta biya lauya, ta yi ta zirga-zirga, wataƙila shekaru, ga marayu na jiran abinci. Shi kuwa mai hatimin, ko minti biyar aikin bai ɗauke shi ba.

A Nijeriya ma lauyoyi ne ke riƙe wannan hatimi. Babban Jojin Ƙasa ke naɗa su, a rubuta sunansu a Kotun Ƙoli. Tsohuwar dokar ta 1936 ce, aka sāke ta da sabuwa a 2023. Akwai kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon yi wa mai laifi gargaɗi, ko ya dakatar da shi, ko ya sa a soke sunansa daga jerin lauyoyi.

Amma 'yan'uwa, a faɗi gaskiya, sau nawa mu ne mu ke jawo lauyan? Baba ya tsufa, ba ya iya shiga mota. Yaya na Ikko, ya ce a sa masa hannu. Lauyan ɗan unguwa ne, ko tare mu ke sujada, sai mu ce ya taimaka. In ya ƙi, mu ce ya cika tsauri, ba ya zumunci. Shaidar zur ce mu ke roƙonsa ya yi, ko da Baba ya yarda da cinikin, gama lauyan zai ce ya ga abin da bai gani ba. Ran da ƙanen Baba ya tashi ya ce ba a yi haka ba, takardar ta zama abin tuhuma, aikin lauyan kuma ya shiga haɗari.

Hanya kuwa na nan. In Baba ba ya iya fita, a roƙi lauyan ya zo gida, a biya masa kuɗin mota. In Yaya na nesa, ya nemi notari a garin da ya ke, ya sa hannu a gabansa, ya aiko. Dokar 2023 ta ma yarda a yi shaidar ta na'ura mai nuna hoto da murya, inda notari zai ga mai sa hannu ya yi magana da shi. Kowace takarda aka shaida muku, ku karanta kwanan watan tun ba ku bar ofishin ba, ku ajiye kwafi. Wanda kuwa ya ga sunansa ko na mamacinsa a takardar da ba su sani ba, ya ɗauki kwafin, da takardar shaidar mutuwa in akwai, ya kai kuka a rubuce ga reshen ƙungiyar lauyoyin Nijeriya da ke kusa da shi.