Leda a kwano, leda a murhu: abin da ya rage a hannun magidanta bayan taron Jeniba

Ranar 15 ga Agustan 2025 wakilan ƙasashe sama da 180 suka watse daga birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan ba tare da sun sa hannu a yarjejeniyar da duniya ke jira kan sharar robobi ba. Karo na biyu ke nan da aka tashi baran-baran, bayan taron Busan na Koriya ta Kudu a watan Disamban 2024, alhali tun a Maris na 2022 ƙasashe 175 suka yi alkawari a Nairobi cewa za a kammala yarjejeniyar kafin ƙarshen 2024.

Inda aka rabu a fili yake. Ƙasashe fiye da ɗari, ciki har da yawancin na Afirka da na Tarayyar Turai, suna son a ƙayyade yawan robar da masana'antu ke ƙerawa. Saudiyya da Rasha da Iran, da Amurka a gefensu, sun ce a tsaya kan kwashe shara da sake sarrafa ta kawai. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne, domin daga man fetur da gas ake yin roba. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cewa an ƙera tan miliyan 460 na roba a 2019, kuma kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa.

Ga mazaunin Birkitari a Yawunde, ko Nima a Akra, ko Zangon Kwatano, ma'anar wannan ita ce ledar da ke shigowa gidansa ba za ta ragu nan kusa ba. Tambayar da ta rage ita ce me iyali za su iya yi da kansu, ba tare da sun jira Jeniba ko majalisar dokoki ba.

Dokoki barjat, leda na nan

Ƙasashenmu ba su rasa doka ba. Togo ta fitar da tata a 2011, Muritaniya da Kodebuwa a 2013. A Kamaru, haramcin leda mai kaurin da bai wuce maikuron 60 ba ya fara aiki a Afrilun 2014. Nijar da Burkina Faso sun yi doka a wannan shekarar, Benin ta bi sahu a Disamban 2017, Burkina kuma ta sake tsaurara tata a ƙarshen 2024. A Cadi, mutanen Injamena ba su manta 2010 ba, lokacin da magajiyar gari Marie-Thérèse Mbaïlemdana ta sa aka bi kasuwanni ana ƙwace leda. Jihar Legas ta hana mazubin abinci na soso a Janairun 2024, sannan ta faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin yarwa daga 1 ga Yulin 2025, amma ta bar ledar fiyawata.

Duk wanda ya zaga kasuwar Garwa ko Dantokpa ko Katako ya san inda aka kwana. Dalili na farko iyaka ce. Tarayyar Najeriya ba ta hana ƙera leda ba, kuma babur ɗaya ya isa ya tsallaka da dubban ledoji zuwa Marwa ko Maraɗi. Hatta Kenya, wadda dokarta ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara huɗu, tana fama da masu fasa-ƙwauri daga maƙwabta.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Leda ta dace da aljihun talaka. Wanda ke sayen man dala ashirin da sukarin dala goma kullum safiya, a leda za a ƙulla masa, kuma kyauta. Mai koko ba ta buƙatar wanke kwanuka talatin, yarinya mai talla ba ta jiran a juye a mayar mata da mazubi. Dokar da ta hana leda ba ta kawo abin da zai maye gurbinta da arha ba, ƙarshenta sai ta zama hanyar karɓar na goro a bakin kasuwa.

Wurare biyu da cutar ta fi kusa

An fi magana kan ledar da ke toshe magudanan ruwa, kuma gaskiya ne. Ambaliya da gobarar gidan mai da suka kashe mutane kusan 150 a Akra ranar 3 ga Yunin 2015 sun zo ne a kan kwatocin da shara ta cika. Mahauta kuma sun san dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki, makiyaya sun san dabbar da ke ramewa tana ci ba ta ƙiba. Amma akwai wurare biyu a cikin gida da cutar ta fi kusa da jiki, kuma su ne suka fi sauƙin gyarawa.

Na farko shi ne abinci mai zafi. Koko da kunu da shayi da miya, har da alala da ake dafawa a ƙulle cikin leda, da tuwon da ake naɗewa da ita yana tururi. Zafi da maiƙo suna ƙara saurin fitar sinadarai daga roba zuwa abinci. Wani rahoto da masu bincike a Turai suka fitar a Maris na 2024 ya lissafa sinadarai sama da 16,000 da ake samu a robobi, fiye da 4,000 daga ciki masu haɗari ga lafiya ko muhalli. Baƙar leda ta fi zama abin tsoro, domin sau da yawa daga tsoffin robobin da aka narke ake yin ta, ba a kuma yi ta don abinci ba. Ba wanda ke faɗuwa nan take don ya sha kunun leda, shi ya sa ake raina lamarin. Amma yaron da ya fara karyawa da shi tun yana shekara biyu, kullum ne yake ɗiba.

Na biyu shi ne murhu. A gidaje da yawa da leda ake hura gawayi, saboda tana kamawa da wuri ko da gawayin ya yi sanyi. Matar da ta sunkuya tana fifita, da goyon da ke bayanta, su ke shaƙar baƙin hayaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne a gaba. Ƙona shara a ƙofar gida da yamma ya ƙara dagula lamarin: idan roba ta haɗu da tsoffin takalma da wayoyin lantarki a wuta, tana fitar da gubar da ake kira dayokzin, wadda ke sauka a ƙasa, kaji su tsattsaga, ta taru a ƙwai. Binciken da ƙungiyar IPEN ta fitar a 2019 ya sami wannan guba da yawan da ya tayar da hankali a ƙwan kajin Agbogbloshie, inda a lokacin ake ƙona tarkacen kayan lantarki a Akra.

Abin da muke da shi tun da

Bahaushe bai rasa mazubi ba kafin zuwan leda. Fataken Gwanja sun yi ta ɗauko goro daga ƙasar Asante zuwa Kano, tafiyar watanni, a cikin huhu da ganyen fita, goron ya iso da ɗanyensa. Har yau a Gana akwai masu sayen wake da shinkafa da ba sa karɓa sai a ganye, a kudancin Kamaru kuwa a ganye ake naɗe bobolo da miyondo. Tubani a ganye aka san shi. Alala tana dahuwa lafiya a ganyen ayaba ko a ƙananan kwanonin silba masu murfi.

Sauran gyaran ba ya cin kuɗi. A tura yaro sayen koko da kwano mai murfi. A tafi cefane da kwando ko jakar yadi da aka ɗinka daga tsohon zane. A hura gawayi da ƙirare ko ɓawon gyaɗa ko totuwar masara, a kuma yi girki inda iska ke ratsawa. A ware ɓawo da toka da kashin dabbobi a rami guda su zama taki, domin sharar da ba ta da leda a ciki manoman bayan gari ma nemanta suke. Gwangwani da tsohuwar taya da yankakkiyar jarka kuwa a kife su ko a huda su, saboda a ruwan da ke kwanciya cikinsu ne sauron zazzaɓin dengi ke hayayyafa, cutar da ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023.

Akwai kuma dabarar randa cikin randa, wadda wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi, sai tumatir da tattasai da alayyafo su ƙara kwanaki ba su lalace ba. Dabarar ta kai har Darfur, inda ake kiranta zir. Sai dai ta fi aiki inda iska ke da bushi, kamar Garwa da Injamena da Damagaram. A Duwala ko Kwatano, inda iska ke da laima, sanyinta kaɗan ne. Ba ta kuma isa ajiyar nama ko madara ko allurar rigakafi ba.

Ba duk na gargajiya ne lafiya ba

A nan ne ake buƙatar hattara, kada a gudu gara a faɗa gidan zago. Takardar buhun siminti da tsohuwar jarida da ake naɗe tsire da ƙosai ba su fi leda tsabta ba, domin ƙurar siminti da tawada suna bin maiƙo su shiga abinci.

Tukwanen alminiyom da maƙera ke zubawa daga tarkacen injuna, waɗanda ake kira makokot a Kamaru, su ma da magana. Binciken da cibiyar CREPD ta Yawunde ta yi tare da masana daga Amurka, aka wallafa a 2014, ya nuna suna sakin gubar dalma cikin abinci. Tsami yana ƙara fito da ita, don haka miyar yakuwa da kunun tsamiya da miyar tumatir bai kamata su kwana a irin wannan tukunya ba. Haka kwallin dutse: a 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya da aka sami dalma a jininsa, aka gwada kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Wanda ya tuna yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Batun ruwan sha ya fi kowanne sarƙaƙiya. Fiyawata ta yaɗu ne saboda famfo ya kasa, kuma a unguwar da kwalara ke zagayowa duk damina, cewa mutane su bar ta su koma rijiya kai tsaye ganganci ne. Randa tana sanyaya ruwa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta, modar da kowa ke tsomawa da hannunsa ma ƙara su take yi. Dakakken ƙwallon zogale, wanda matan karkarar Sudan suka daɗe suna amfani da shi, yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma garau ba ya nufin lafiya. Sai an tafasa ruwan ya yi ɓararraka na minti guda, ko an sa masa ƙwayar kulorin bisa ƙa'idar da ke jikin fakitin, sannan a zuba a randa mai murfi da aka sa wa kan famfo a gindi.

Nauyin a kan wa?

Duk wannan aiki ne, kuma a yadda gidajenmu suke, a kan mata da ƴan mata zai sauka: wanke kwano, jiƙa yashi, tafasa ruwa, ware shara. Tafasa ruwa kuma gawayi yake ci. Idan maigida bai sayi kwanon da kwandon ba, bai ɗauki ƙarin kuɗin makamashi ba, maganar za ta tsaya a fatar baki. Masu unguwanni da sarakunan zango da limamai suna da abin yi a nan, musamman wajen biki da suna da buɗa-baki, inda ake raba ɗaruruwan ƙullin leda a yini guda. Ƙungiyar mata da ta tara kwanuka ɗari tana ba da haya ta rage shara, ta kuma sami abin shiga.

Wannan bai sauke wa gwamnatoci nauyinsu ba. Iyali ba za su iya tsare iyaka ba, ba za su iya shimfiɗa bututun ruwa ko kawo motar kwasar shara ba, ba kuma za su iya rage kuɗin gas ba. A taron Faris na Mayun 2024 an yi alkawarin dalar Amurka biliyan 2.2 don samar da girki mai tsabta a Afirka, kuma haƙƙin jama'a ne su tambayi inda kuɗin suka shiga. Haka nan muddin ECOWAS da CEMAC da ƙasashen AES ba su daidaita dokokinsu da na Najeriya ba, ƙwace ledar mai ƙosai ba zai canza komai ba.

Amma abu biyu ba sa jiran kowa: kada abinci mai zafi ya shiga leda, kada leda ta shiga wuta. Gidan da ya tsaya a kan waɗannan ya rage wa ƴaƴansa guba tun daga karin kumallon gobe.