Zancen Gida: Kafin a Tafi Sujadar Dare

'Yan'uwa, ga hunturu ya kama, ga Kirsimati a bakin ƙofa. Iskar nan ta busar da kome, katakon rufi da labule da katifa. Mutanen Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba, wadda ta tashi cikin dare.

Abin da ya fi damuna shi ne daren 24 da na 31 ga Disamba, sa'ad da gida duka ke tafiya majami'a. A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni masu haya suna da yawa, ɗaki jikin ɗaki. An ɗauke wuta, aka manta hita cikin bokiti ko dutsen guga a jone, aka kulle ƙofa. Ana cikin waƙa sai a kawo wuta. Wa zai kashe? Kuma in ta tashi, ba ɗakinka kaɗai za ta ci ba.

Maigida, ka zama na ƙarshen fita. Ka zare kowace waya daga bango, ka rufe kan tukunyar gas, ka zuba wa gawayin kurfoti ruwa, gama toka takan ɓoye garwashi. Galan ɗin fetur na janareta kuwa, a ajiye shi waje, nesa da murhu.