A Raɗa Wa Abu Suna Kafin A Aiki Na'ura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Gada Biyu cikin garin Jos ya san 'yan tasha suna da nasu harshe: lodi, kamasho, shata, balas. Kowa ya san abin da ake nufi. To, amma na'ura ba 'yar tasha ba ce.

A makon jiya na ziyarci waɗansu samari uku a unguwar, masu rubuta manhajar lissafi domin masu Keke Napep. Suna aiki da mataimakan nan masu ƙirƙirarriyar basira, irin su GitHub Copilot da ya fito a 2021, watau mutum ya faɗi bukatarsa, na'ura ta rubuta masa umarnin kwamfuta. Na tarar da su rai a ɓace. Ɗaya ya gaya wa na'urar cewa balas shi ne kuɗin da direba ke kai wa mai keke kowace yamma. Na biyu kuwa ya ɗauki balas a matsayin ragowar bashin wanda ke biyan kuɗin keke kaɗan-kaɗan. Na'ura ba ta yi gardama ba, ta haɗa su wuri guda. Da aka gwada, sai ga direba yana biya, bashinsa yana ƙaruwa. Da an saki manhajar haka, da an ci haƙƙin talaka, alhali babu wanda ya yi niyyar cuta.

Ko manya sun sha irin wannan. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, domin wani sashe ya yi lissafi da ma'aunin fam, wani da ma'aunin mita. A 2003 kuma Eric Evans ya shawarci masu rubuta manhaja su tsai da harshe ɗaya tsakaninsu da masu sana'ar da ake yi wa aikin. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da don daidaita rubutu da kalmomi aka kafa Hukumar Hausa a 1955.

Saboda haka shawarata ga samarinmu ita ce, su zauna da direbobi da masu keke tukuna. A rubuta kowace kalma cikin fayil guda, da ma'anarta ɗaya tak, da misali, da abin da ba ta nufi. A sa na'ura ta karanta shi duk sa'ad da za a fara aiki, domin sau da yawa ba ta riƙe hirar jiya. In sabuwar kalma ta shigo, sai kowa ya yarda kafin a ƙara ta.

Na'ura 'yar aike ce mai sauri, amma abin da aka faɗa mata shi take kaiwa. Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.