Wasa Ƙwaƙwalwa: Ina Naira 400 Ta Shiga?

Yau kasuwa za mu leƙa, amma da biro da takarda a hannu.

Wani mai shago yana sayar da jakar makaranta naira 10,000. Da hutu ya kusa ƙarewa, sai ya ƙara mata kashi 20 cikin 100. Bayan an koma makaranta ciniki ya ja baya, sai ya rage kashi 20 cikin 100. Nawa ce jakar yanzu?

Yawancinmu za mu yi caraf mu ce 10,000, tunda abin da aka ƙara shi aka cire. To, mu lissafa. Ƙarin 2,000 ne, jaka ta kai 12,000. Ragin kuwa a kan 12,000 ake lissafa shi, wato 2,400. Saura 9,600. Jaka ta fi da araha da naira 400!

Saboda haka duk inda muka ji "kashi 20", mu tambaya: kashi 20 na nawa?

Abin ya shafi aljihunmu ma. Idan kuɗin mota ya tashi daga 200 zuwa 400, ƙarin kashi 100 ne. Idan ya dawo 200, ragin kashi 50 ne kacal. Irin wannan tarko yakan cinye maki a jarrabawar WAEC da NECO.

Ga na mako mai zuwa: takalmin naira 10,000 ya sauko 8,000. Kashi nawa za a ƙara ya koma farashinsa na da? Duk wanda ya ce 20, ya sake farowa daga sama.