Kafin Ka Ƙara Kujera A Bayan Tsohuwar Jif Ɗinka



Tsofaffin jif-jif sun yi yawa a hannun mutanenmu a nan Legas. Daga Agege zuwa Mile 12 da Alaba Rago, za ka ga Pajero da Land Cruiser da Patrol, har da tsohuwar Land Rover, waɗanda wasunsu sun girmi direbobinsu. Dalilin son su a fili yake: suna jure gargada da laka, kuma in ka bar kwalta ka nufi ƙauye da damina ba sa ba ka kunya. Sai dai akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare. Idan Sallah ta matso ko biki ya taso a gida, sai maigida ya kai motar wajen mai walda, a ɗora benci a but, kafinta ya yi masa kushin, a cika shi da yara, a kama hanyar Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa.

Ra'ayina shi ne ƙara kujera ba laifi ba ne. Mai iyali goma ba zai sayi mota biyu don tafiyar sau ɗaya a shekara ba. Laifin yana wajen ɗaukar aikin kamar haɗa bencin zaure. Kujerar mota da bel ɗinta kayan ceton rai ne, kuma wanda ba zai yi su yadda ya kamata ba, gara ya bar but ɗin ga buhuna.

Mu fara da lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki abu ta tsaya cak, wanda ke ciki bai tsaya ba. Bugun da zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido nauyin jiki na iya ninkawa sau 30. Yaro mai kilo 10 a cinyar mahaifiyarsa ya koma kilo 300, buhun siminti shida ke nan. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, komai son da take wa ɗanta. Babban mutum kuma da ke baya babu bel, kujerar gaba zai daka, ya danne direban da ya ɗaura nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwa ga mazauna gaba da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, ga na baya kuma yana rage mutuwa da mummunan rauni da kashi 25.

Wani zai ce ai jif ƙarfe ce zalla, ba irin motocin yanzu ba da kamar gwangwani. Gaskiya ne tana da ƙarfi, amma ƙarfin nan motar yake karewa, ba fasinja ba. Motocin zamani an ƙera gabansu ya lotse da gangan don ya shanye bugu. Tsohuwar jif ba ta lotsewa sosai, sai bugun ya wuce kai tsaye zuwa jikin mutane. Sannan tana da tsayi, ga kaya an lafta a kan rufi, don haka ta fi ƙaramar mota saurin kifewa idan taya ta fashe ko direba ya kauce wa rami da gudu. In ta fara birgima, wanda ba a ɗaure yake ba ta taga ko ƙofar baya yake fita, kuma a nan ne aka fi rasa rayuka. Masu cewa bel na hana mutum tserewa idan wuta ta tashi su tuna cewa wanda ya bugu ya suma ba ya buɗe ƙofa.

To yaya ake yin aikin daidai?

Da farko a ɗaga kafet a duba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci kamfani ya fitar da irinsu da layi na uku, kuma sau da yawa ramukan noti na kujera da na bel suna nan, an toshe su da roba kawai. In akwai su, a je Ladipo a nemo kujerar ainihi ta wannan samfurin a ɗaura a gurbinta. Wannan ya fi kowace dabara.

In babu gurbi, to a sani cewa daɓen motar falle ne siriri, a tsohuwar mota ma tsatsa ta riga ta cinye rabinsa. Ɗigon walda huɗu a kan irin wannan ba ya riƙe komai ranar tsautsayi. Benci da yaran da ke kai tare za su tashi. Ana huda daɓen ne a wuri mai ƙwari kusa da ƙarfen da ya gitta, a sa faranti mai kauri daga ƙasa, a ɗaure da noti mai ƙarfi. Notin bel na musamman ne, girmansa inci 7/16, kuma a kan irin na ƙwarai za ka ga lamba kamar 8.8. Notin ƙofar shago ba ya wannan aikin. Kafin a huda, bakanike ya shiga ƙasa ya ga inda tankin mai da bututun birki da wayoyi suka bi. Bayan an gama a toshe duk wata kafa, a gyara robar ƙofar baya, domin hayaƙin salansa ta nan yake shigowa. Iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari, kuma yaron da ta kama sai a ɗauka barci yake yi.

Na biyu, kujera ta fuskanci gaba. Bencin gefe, wanda mutane ke zama suna kallon juna kamar a motar sojoji, ya fi ɗaukar jama'a, shi ya sa ake son sa. Amma in an yi karo, mutum gefe yake tafiya, kai ya haɗu da kai, kuma bel ba ya aiki sosai a haka. Kamfanin Land Rover da kansa ya daina sa irin wannan benci a Defender da yake sayarwa a Turai a 2007, saboda dokokin can, ya koma kujeru masu kallon gaba. In masu motar sun bari, mu me muke jira?

Na uku, bel ɗin kansa. Mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959, ya fi na ƙugu kaɗai nesa ba kusa ba. Na ƙugu ya fi babu, amma yana barin rabin jiki na sama ya yi gaba, kuma in ya hau kan ciki yana iya yi wa hanji da ƙashin baya illa, musamman ga yara. A yi hattara da na gwanjo: bel da aka ciro daga motar da ta yi haɗari ya riga ya miƙe, aikinsa ya ƙare. A duba ko ya tsattsage ko rana ta cinye shi. A fizge shi da ƙarfi, in bai cije ba a ajiye. Kuma bel ɗaya na mutum ɗaya ne, ba a haɗa yara biyu a ciki.

Akwai kuma batun hukuma. FRSC ta fara tilasta ɗaura bel tun farkon 2003, kuma dokokin hanya na 2012 sun haɗa da kujerun baya. Mota mai takardar mutum biyar da aka mayar ta tara, a tuntuɓi ofishin VIO da kamfanin inshora tun kafin a yi tafiya, kada sai abu ya faru a fara jayayya. Amma kada tsoron tara ya zama shi ne dalili. Jami'i zai leƙa gaba ya ɗaga maka hannu ka wuce, yaran da ke but kuwa amanarsu a wuyanka take.

Na san za a ce kuɗi. Aikin ƙwarai ya fi na mai waldan bakin titi tsada, babu musu. Sai dai a gwada shi da kuɗin jinyar karaya a asibitin ƙashi na Igbobi, ko kuɗin ɗaukar gawa daga Mokwa zuwa gida. Araha ba ta ado. Wanda aljihunsa bai kai ba bana, ya sa wasu daga cikin iyalin a motar haya ko a motar ɗan uwa. Ba abin kunya ba ne.

Shawarata ga shugabannin unguwanninmu ita ce, kowace unguwa ta tantance bakanike ɗaya ko biyu da suka iya wannan aiki, a sanar da mambobi. Masu irin wannan mota da aka riga aka yi wa benci, a kai a duba ƙasanta tun yanzu, kada a bari sai ana jibi tafiya. Iyayenmu mata kuma ku yi magana, domin 'ya'yanku ne ake zubawa a baya. Uwa na da haƙƙin ta tambayi maigida: da me aka ɗaure kujerar nan?

Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya.