Sharhi: 'Yan Wasa Na Bin Bashi, 'Yan Kallo Na Shan Takaici

Ranar 11 ga Nuwamba 2025, kwana biyu kafin karawarsu da Gabon a wasan neman gurbin Kofin Duniya, 'yan wasan Super Eagles na Najeriya sun ƙi fita atisaye a Rabat saboda kuɗaɗen alawus da suke bin hukumar NFF. Sun ci Gabon 4-1, amma ranar 16 ga watan Kwango ta fitar da su a bugun fenariti.

A gidajen kallon ƙwallo na Garou da Malanville ran mutane ya ɓaci, kuma takaicin namu biyu ne. Wannan Najeriyar ce ta ci Guépards ɗinmu 4-0 a Uyo ranar 14 ga Oktoba, ta tare mana hanya. Ga shi ita ma ba ta kai ba.

Da yawa cewa suke yi: mutanen da ke ɗibar miliyoyi a Turai, me ya haɗa su da rigimar alawus? Tambayar tana da nauyi, musamman daga bakin ɗan zemijan da ya biya kuɗin shiga da guminsa. Sai dai alkawari alkawari ne, ko mai kuɗi aka yi wa. Kuma abin ba yau ya fara ba. A 2014 sai da Ghana ta aika da tsabar kuɗi dalar Amurka miliyan 3 a jirgi zuwa Brazil kafin 'yan wasanta su natsu. A 2016 Super Falcons sun ci kofin Afirka, suka ƙi barin otal a Abuja don a biya su. Shi kansa Gernot Rohr, kocinmu a 2025, sai da ya kai NFF ƙara gaban FIFA kan haƙƙinsa. To, laifin wa ke nan?

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar 21 ga Disamba 2025 ce ranar buɗe gasar kofin Afirka a Maroko, inda aka haɗa Benin rukuni ɗaya da Senegal, Kwango da Botswana. Muna kira ga hukumar FBF da ma'aikatar wasanni su rubuta yarjejeniyar alawus, su bayyana ta ga jama'a, su biya kafin jirgi ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan wasa kuma, in akwai ƙorafi, ku faɗa tun yanzu, kada ku bari sai jajibirin wasa.